Tukunyar girki, tukunyar CNG da tayar mota: me ke faruwa da iskar da ke ciki?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, maganar gas bata bar bakin mutane ba. Gwamnatin tarayya ta fito da shirin juya motoci da Keke Napep su koma shan CNG, wato iskar gas da aka matse a tukunyar ƙarfe, a gefe guda kuma gidaje da yawa a cikin Katsina sun ajiye risho da kananzir sun kama tukunyar gas, har a gidajen da a da maigida ba zai yarda a shigo masa da ita ko zaure ba. To sai ruɗani ya biyo baya, domin abu biyu ne mabambanta, gas ɗin mota da gas ɗin girki, ake kira da suna ɗaya.

Zaka ji direba yana cewa an cika masa tukunya geji ya nuna 200, ya je ya yi sallah ya dawo ya tarar ya sauka 180, wai an cuce shi. Uwargida ta ce gas ɗin wannan karon ko wata bai kai mata ba, iska aka ɗura mata. Wani yana faɗa da mai gas don ya ƙi cika masa tukunya har wuya. Wani kuma ya ce shi wallahi ba zai hau motar CNG ba, bam ne aka ɗora a but. Wasu daga cikin ƙorafin nan suna da tushe, wasu kuma halin iska ne kawai ba wanda ya cuci wani, kuma ba yadda za a yi a rarrabe sai an san dokokin da iska ke bi.

Me ake nufi da iskar gas tukuna

Abu kan zo a sandare kamar ƙanƙara, ko a ruwa, ko a iska. A ilimin kimiyya duk abin da ke wannan hali na uku gas ne, har iskar da muke shaƙa, da tururin tukunya, da oksijin na asibiti. Abin da ya bambanta shi da sauran biyun shi ne ƙananan ƙwayoyin da suka haɗa shi ba a manne suke ba, nesa suke da juna, kuma gudu suke ba tsayawa. A cikin ɗaki mai matsakaicin zafi ƙwayar iska na gudun kusan mita 500 a daƙiƙa ɗaya, sai dai bata zuwa ko'ina da nisa saboda karo da take yi da 'yan uwanta. Ka ɗauka ƙudan zuma ne aka rufe a tulu, suna ta shawagi suna dukan bango. Wannan dukan bangon, idan aka tara shi, shi ne matsi.

Daga nan abu huɗu kacal ake aunawa: matsi, girman wurin da iskar ke ciki, zafinta, da yawan ƙwayoyin. Duk dokokin da ake haddacewa a sakandare bayani ne a kan idan ɗaya ya motsa me sauran zasu yi.

Matsi ana auna shi da bar, masu faci kuma gejinsu psi yake nunawa, bar ɗaya kusan psi 14.5 ne. Iskar duniya da kanta tana danne mu da kusan bar ɗaya, wato nauyin kilo guda a kan kowane wuri mai faɗin santimita ɗaya tsawon santimita ɗaya. Wani ɗan Italiya, Torricelli, shi ya fara auna wannan a 1643. Ba ma jin nauyin ne saboda cikin jikinmu ma yana turowa daidai da haka. Kuma a riƙe wannan don zai yi amfani a gaba: geji baya lissafa wannan bar ɗayan, abin da ya ɗoru a kansa kawai yake nunawa.

Dokar Boyle: ka matse wuri, matsi ya tashi

A 1662 Robert Boyle, wanda aka haifa a Ailan ya yi aikinsa a Ingila, ya wallafa abin da ya gano da taimakon Robert Hooke: in dai zafi bai canja ba, ka rage wurin da iska take da rabi, matsinta zai ninka biyu. Ka mayar da wurin kashi ɗaya cikin goma, matsi ya ninka goma. A Faransa sunan Mariotte suke sa wa dokar, don shi ma ya gano ta daga baya ba tare da Boyle ba.

Wanda ke da sirinji mara allura zai iya gwadawa yanzu. Toshe bakin da yatsa ka danna, farko zai tafi da sauƙi, kana kaiwa rabi ka ji yana ture ka, ka saki ya dawo da kansa. Ba a ƙara ko ƙwaya ɗaya ba, wurin ne ya ragu suka riƙa dukan bango akai-akai. Famfon keke haka yake aiki, huhun mutum ma haka, ƙirji ya buɗe matsin ciki ya faɗi iska ta shigo.

CNG gaba ɗayanta a kan wannan doka ta tsaya. Iskar methane ce, wadda ake haƙowa a ƙasa, kuma a sake bata da wani ƙarfi, lita dubu ɗaya nata shi ne yake ɗan ɗara litar fetur guda. Ba motar da za ta ja buhun iska mai wannan girma, shi ya sa ake danne ta da inji har bar 200 a tura cikin tukunyar ƙarfe. Tukunya mai lita 60, a lissafin Boyle, za ta ɗauki lita 12,000. Kuma shi ya sa ba a sayar da ita da lita irin ta fetur, da SCM ake sayarwa, wato lita dubu na iskar idan aka sake ta a wani tsayayyen zafi da matsi da aka yarda da shi. Dole a tsayar da zafi da matsin, in ba haka ba lita a wurin iska bata da ma'ana.

Zafi, da kuskuren da kusan kowa ke yi a lissafinsa

Jacques Charles, Bafaranshen da ya tashi sama cikin balan-balan ɗin haidirojin a Paris a 1783, ya lura cewa iska na buɗewa idan ta ji zafi matuƙar an bar mata wuri. Bai wallafa ba, Gay-Lussac ne ya fitar da ita a 1802 ya kuma ambaci sunansa. Idan kuma ba a bar mata wurin ba, an kulle ta a ƙarfe ko a taya, to matsin ne zai tashi, wannan kuwa Amontons ya riga ya gani tun wajen 1700. Dalilin ɗaya ne, zafi gudu yake ƙara wa ƙwayoyin.

Inda ake tuntuɓe shi ne nan. Mutum zai ce da asuba digiri 20 ne, da azahar a watan Afrilu ya kai 40, zafi ya ninka kenan, ashe matsi ma ya ninka. A'a. Sifirin ma'aunin da muka saba da shi daskarewar ruwa ce kawai, ba ƙarshen sanyi ba. Ƙarshen sanyi yana can ƙasa da sifiri da digiri 273, kuma daga can iska ke fara ƙirga nata, ma'aunin da Kelvin ya kawo a 1848. Don haka sai ka ƙara 273 a kan kowane. 20 ya zama 293, 40 ya zama 313, ƙarin bai kai kashi 7 cikin ɗari ba. Da ninkawa yake da ba taya ɗaya da za ta kai la'asar a garin nan.

Mu ɗauki tayar. Mai faci a Ƙofar Ƙaura ya sa maka psi 32 da safe ana digiri 20. Ka kama hanyar Kano da rana, kwalta ta ɗau zafi, tayar na murzawa, iskar ciki ta kai digiri 50. Ainihin matsin da safe 32 ne da 14.7 na iskar duniya, wato 46.7. Ka ninka da 323 ka raba da 293, ya ba ka 51.5, ka cire 14.7, geji zai nuna kusan 37. Biyar ta ƙaru ba wanda ya taɓa bawul.

A nan direbobi sun kasu. Akwai masu tsayawa a hanya su sace iska, hujjarsu ita ce taya ta yi tauri za ta fashe. Akwai masu cewa a bar ta. Masu ƙera taya suna tare da na biyun, lambar da ke rubuce a jikin ƙofar direba ta tayar da ta huce ce kuma sun riga sun sa wannan ƙarin a lissafi. Wanda ya rage iska tana da zafi, da ta huce zai tarar ta koma 27 ko 28, taya mai ƙarancin iska kuma gefenta lanƙwasa yake ta yi a kan gudu, ta fi ɗaukar zafi, ta fi saurin fashewa, ga shan mai. Masu tsoron ba a banza suke tsoro ba, tsohuwar taya da aka yi wa lodi ya wuce kima tana fashewa a zafi, amma maganinta ba a bawul yake ba.

Avogadro da Dalton, a gurguje

A 1811 Avogadro ya ce iska kowace iri, in wurinsu ɗaya zafinsu ɗaya matsinsu ɗaya, to yawan ƙwayoyinsu ɗaya ne. Nauyi ne kawai zai bambanta. Ƙwayar methane nauyinta 16 a ma'aunin masu kimiyya, iskar da muke shaƙa kusan 29, propane 44, butane 58. Waɗannan lambobin huɗu su zasu gaya maka wace iska ke tashi sama wace ke kwanciya a ƙasa, za a zo kansu.

Dalton shi kuma ya nuna cewa idan iska iri-iri suka cakuɗu kowace na bayar da nata kason na matsi kamar ita kaɗai ce a wurin. Iskar duniya kashi 78 naitirojin ce, 21 oksijin, ɗan abin da ya rage argon da su carbon dioxide. Wannan ne bayanin abin da masu motar CNG ke cewa mota ta rage ƙarfi a hawa. Fetur ɗan wuri kaɗan yake ci a cikin injin, ita kuwa methane tana cin kusan kashi ɗaya cikin goma na wurin da iska za ta shiga, oksijin ya ragu, ƙarfi ya ɗan ragu. Ba lallai bakanike ne ya ɓata aiki ba.

Clapeyron ya haɗe dokokin nan a layi ɗaya a 1834, PV = nRT da ɗalibai ke haddacewa don WAEC da JAMB. Ma'anarsa dai matsi sau wuri daidai yake da yawan iska sau zafi sau wata tsayayyar lamba.

Tukunyar girki: inda dokokin makaranta suka tsaya

Duk dokokin can an gina su ne a kan zaton ƙwayoyin basu da jiki kuma basa jan juna. A iskar da ke sake zaton yana tafiya daidai. Da an matse ta sosai ko an sanyaya ta sai ya fara karkacewa, ƙwayoyin su matso kusa su fara riƙe juna, wata iskar ma ta koma ruwa. Van der Waals ɗan ƙasar Holan ne ya gyara lissafin a 1873, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1910.

Gas ɗin girki, LPG, haɗin propane da butane ne, kuma su biyun basa buƙatar matsi mai yawa kafin su zama ruwa. Girgiza tukunyar zaka ji yana motsi. Wato abin da ka saya ruwa ne, iska ɗan saman kawai take. Ka kunna, iskar saman ta fita, ruwan ya tafasa ya cike gurbin nan take. Propane na tafasa ne a digiri 42 ƙasa da sifiri, butane kuma dab da sifiri, don haka a yanayinmu matsin tukunyar ne kaɗai ya hana su tashi.

Abu na farko da wannan ya haifar: matsin tukunyar girki bai damu da yawan abin da ya rage ba. Cike take ko saura kwata, in dai akwai ruwa a ciki matsin kusan ɗaya ne, zafin gari da irin haɗin ne ke yanke shi. Butane zalla a digiri 20 wajen bar 2 yake bayarwa, propane zalla wajen bar 8, a digiri 40 su koma kusan 4 da kusan 14. Shi ya sa ɗan gejin da ake sayarwa haɗe da regileta baya faɗa maka komai sai ana gab da ƙarewa, allurar na kore yau gobe ta faɗi ana tsakiyar tuwo. Kuma shi ya sa da kilo ake sayar da shi. Sikeli ne alƙali. A jikin mariƙin tukunya akan buga nauyinta in ba komai a ciki, sau da yawa da haruffan TW, ka auna ka cire wannan, abin da ya rage shi ne gas ɗinka.

Na biyu, maganar cikawa har wuya. Tukunyar kilo 12.5 cikinta wajen lita 26 ne, gas ɗin kuma wajen lita 22 yake ci, da gangan aka bar sauran. Ƙa'ida ita ce kar a wuce kashi 80 zuwa 85. Ruwan LPG yana kumbura da zafi fiye da ruwan sha nesa ba kusa ba, kuma ruwa ba ya matsuwa irin na iska. In akwai fili a sama sai ya kumbura cikinsa lafiya lau. In an cika dam da sanyin safiya aka ɗaura a bayan mashin, ko aka jefa a but mota ta yini a rana, ruwan zai cike tukunyar, daga nan kowane digiri ɗaya da ya ƙaru ba ɗan ƙari yake kawowa ba, bar da yawa yake ɗorawa, sai bawul ya saki ko walda ta buɗe. Mai saye yana ganin kuɗinsa ne a zuba masa, kuma gaskiya ne akwai masu fakewa da ƙa'ida su rage awo. Amma mai gas da ya ce "Alhaji ba zan wuce nan ba" a kan daidai yake, wanda ya yarda ya ɗura kilo 14 a tukunyar 12.5 shi ne abin gudu.

Na uku, zargin ɗura iska. A lissafa. Litar iskar duniya giram 1.2 ce. Ko da an danna ta bar 5 a tukunya mai lita 26 gaba ɗayanta, nauyin bai kai giram 200 ba. Kaga ba a cike gibin kilo biyu ko uku da iska. Inda cuta take yiwuwa shi ne sikelin da aka taɓa, ko mita, musamman inda mitar lita take ƙirgawa a juya ta zuwa kilo, domin litar gas da rana tsaka bata kai ta safiya nauyi ba. Sauran dalilan saurin ƙarewa suna gida: tiyo da ya tsage, robar bakin bawul da ta mutu, regileta mai sakin fiye da kima, kan murhu da ya toshe yana ba da jar wuta maimakon shuɗiya. Haɗin ma na canjawa daga wannan mota zuwa waccan, mai propane da yawa ya fi matsi, a tukunyar da ake ɗaura murhu kai tsaye a kanta zai fi fita da gudu, duk da cewa a kilo ƙarfin wutarsu kusan ɗaya ne.

Zufar da tukunya ke yi in an daɗe ana girki ita ma ba yoyo ba ce. Tafasar da ruwan ke yi zafi take ja daga jikin ƙarfen, ƙarfen ya yi sanyi, laimar iska ta kwanta a kai, kuma inda zufar ta tsaya nan ne iyakar ruwan ciki. Da asubar hunturu kuwa, a Katsina ko Daura, gas mai butane da yawa wutarsa kan yi rauni don matsinsa ya faɗi. Masu kara tukunya kusa da wuta ko zuba mata tafasasshen ruwa don ta ƙara ƙarfi, abin yana aiki, ta hanyar da ke fasa tukunya yake aiki.

CNG: bam ne ko ba bam ba

Methane ba kamar su butane take ba. Matuƙar sanyinta bai kai digiri 82 ƙasa da sifiri ba, ba matsin da zai mayar da ita ruwa, ko nawa ne. Sai dai a sanyaya ta zuwa 162 ƙasa da sifiri, ta zama LNG, ta ƙanƙance sau 600, irin wadda ake lodawa a jiragen ruwa a Bonny. Don haka tukunyar CNG iska ce zalla daga sama har ƙasa, gejinta kuma gaskiya yake faɗa, ya nuna 100 to wajen rabi ya rage. Wani abin sha'awa, a bar 200 karkacewar da aka ambata tana taimakon direba, tukunyar lita 60 da Boyle ya ce SCM 12 za ta ci takan ci kusan 15. Hakan dai bai wuce kwatankwacin litar fetur goma sha biyar zuwa sha bakwai ba, shi ne dalilin yawan komawa layi.

Direban da gejinsa ya sauka fa? Iska in ana danna ta da sauri zafi take yi, taɓa gindin famfon keke bayan an yi famfo zaka ji. Lokacin da aka gama cikawa gas ɗin ciki na iya kai digiri 50 ko fiye, ya huce zuwa 25. A sauƙaƙen lissafi 298 a kan 323 zai mayar da 200 ya koma 185, a zahiri saukar kan ɗan fi haka. Ba abin da ya fita, kuma mitar gidan gas yawan abin da ya shiga take ƙirgawa ba abin da geji ya nuna ba. Abin da ya dace ya sa shakka shi ne gejin da ke ci gaba da sauka bayan tukunya ta huce mota na ajiye, wannan yoyo ne. Cikawa da sanyin safiya ko da dare ya fi ɗaukar gas, wannan kam direbobi sun yi gaskiya.

Masu tsoro suna cewa bar 200 ba wasa ba ne, kusan psi 2,900, taya tana 32 ma in ta fashe ana jin ta a unguwa, ga zafin Arewa, ga hanyoyi, ga halinmu na gyaran a-yi-a-gama. Suna kuma nuni da abin da ya faru a birnin Benin na jihar Edo a watan Oktoban 2024, inda tukunyar wata mota ta tarwatse ana cikin cika ta mutane suka jikkata.

Masu goyon baya suna cewa tukunyar CNG ta gaskiya ba irin ta girki ba ce. Ƙarfe ne mai kauri da aka ƙera ba ɗinkin walda a jikinsa, ana gwada kowace a bar 300, an tsara ta kar ta fashe sai an haura 450, kuma tana da abin kariya da ke narkewa a wajen digiri 110 ya saki gas ɗin in gobara ta kama. Tukunyar da aka cika 200 da safe but ya kai digiri 60, lissafin makaranta zai ce 227, a zahiri takan kai wajen 260, har yanzu bata kai inda aka gwada ta ba. Game da Benin kuma, masu kula da shirin CNG na gwamnati sun ce tukunyar ba mai izini ba ce, haɗa ta aka yi.

In aka auna, kowane ɓangare ya riƙe rabin magana. Rana kaɗai bata fasa tukunya mai inganci. Amma duk kariyar nan a jikin ƙarfen take, tukunyar girki da walda aka haɗa ta kuma a wajen bar 30 ake gwada ta, wanda ya kai ta ko wata da aka ƙera a bakin titi wurin famfon bar 200 ba sai rana ta fito ba. Tukunyar gaske ma tana da shekarun aiki, yawanci 15 zuwa 20, an buga a jikinta, kuma tsatsa ko rauni daga hatsari na rage mata ƙarfi. Tambayar da ta rage ta sa ido ce, wato ko SON, hukumar kula da ingancin kaya, da NMDPRA, hukumar kula da rarraba mai da gas, zasu iya bin kowace tukunya da kowane wurin juya mota, ganin yadda kasuwar kayan gwanjo take.

In ta zuba, ina take zuwa

A koma kan lambobin Avogadro. Methane 16 ce a kan 29 na iska, ta fi iska sauƙi, in ta zuba a fili sama take yi ta watse, haɗarinta a rufaffen gareji ne inda za ta taru a ƙarƙashin rufi. Tana kamawa ne in ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wuri. Gas ɗin girki kuwa ya fi iska nauyi, propane sau ɗaya da rabi, butane sau biyu, ƙasa yake bi yana malala, ya shige ƙarƙashin kabad, ya gangara kwata, ya kwanta a lungu. Kuma kashi 2 kacal yake nema.

Kilo ɗaya na gas ɗin girki in ya zama iska lita 400 zuwa 550 ne. Kicin mai tsawon mita 3 faɗin mita 2 tsayin mita biyu da rabi yana ɗaukar lita 15,000, kashi 2 nasa lita 300 ne. Ko kilo bai cika ba kenan, kuma tunda a ƙasa yake taruwa, tun kafin nan ma ƙasan ɗakin ya isa kamawa. Ƙaramar tagar da ake yi can sama kusa da silin, wadda ta wadatar lokacin hayaƙin itace, bata fitar da shi. Ƙofa ake buɗewa, a kashe daga kan tukunya, kar a taɓa makunnin lantarki ko a kunna ko a kashe, kar a duba yoyo da ashana, ruwan kumfar sabulu ake shafawa a ga inda zai yi ƙwai. Warin nan ma ba nasa ba ne, shi bashi da wari, wani sinadari ne ethyl mercaptan ake zubawa don hanci ya kama tun bai kai ko kusa da kashi 2 ba.

Abin da ya shafi aljihu

Ga mai girki, abin da zai kare kuɗinsa sikeli ne, a auna tukunya kafin a zuba a auna bayan an zuba, a gaban idonsa. Masu sayarwa a ƙananan shaguna cikin unguwa, masu juye gas daga babbar tukunya zuwa ƙarama, su ne suka fi kusa da talaka kuma su ne suka fi zama cikin haɗari, don kowane juyi sai wani abu ya tsere, kuma ƙasa yake kwanciya a shagon da galibi ƙofa ɗaya gare shi, wataƙila ga mai shayi ko mai walda a gefe.

Ga direba da ɗan kurkura, lissafin ya wuce farashin SCM. Akwai kuɗin juyawa, akwai nauyin tukunyar da wurin kaya da take cinyewa, akwai gajeren zango. Sannan gas ɗin kansa daga Kudu yake fitowa, bututun AKK mai tsawon kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 daga Ajaokuta ya bi Kaduna ne ya tsaya Kano, don haka abin da zai iso Katsina a mota zai zo, ko a matse a manyan tukwane ko a sanyaye a matsayin LNG. Tirela mai ɗauke da CNG yawancin nauyinta ƙarfe ne ba gas ba, saboda dalilin da aka faɗa tun a wurin Boyle, kuma kuɗin wannan jigilar a kan mai saye zai ƙare. Mai zirga-zirga a cikin gari kusa da wurin cikawa zai fi ganin riba a kan mai dogon zango zuwa Jibiya, Mai'aduwa ko Funtuwa, wanda dole ya bar fetur a tanki saboda dawowa.